Tata ɗin motocin nan ne ke narka ƙarfe? Ina namu na Katsina ya tsaya?

Mai Rodi, Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga manyanmu na wannan zaure, musamman injiniyoyi da masana tarihi.

Ni yaron shago ne, rodi da wayar ɗauri da ƙusa muke sayarwa ni da yayana. Jiya ana sauke mana kaya daga wata babbar mota ƙirar Tata, sai direban ya bugi ƙirji yana cewa ai masu motar nan asalinsu maƙera ne, kamfanin ƙarfe gare su tun ba a haifi kakanninmu ba, wai har na Ingila suka saye. Yayana ya ce ƙarya ce, ina Indiya ina sayen kamfanin Turawan da suka mulke ta. Musu ya yi zafi har lebura suka bar aiki suka tsaya kallo.

To wane ne wannan Tata, kuma da me ya fara? Na biyu, wanda ya fi damuna: mu da muke da kamfanin mulmula ƙarfe a garin nan tun zamanin Shagari, me ya hana shi zama irin nasu?

Tsohon Injiniya, Rafindaɗi

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ba yayanka haƙuri, direba ya fi shi gaskiya. Ƙarfen ya girmi motar nesa ba kusa ba. Kamfanin ƙarfen an yi masa rajista a 1907. Na motar sai 1945, shi ma da kawunan jirgin ƙasa ya fara, sai a 1954 suka haɗa kai da Jamusawa masu Marsandi suka shiga ƙera manyan motoci. Batun Ingila ma haka yake. A 2007 Tata Steel ya sayi Corus, wanda ya gaji babban kamfanin ƙarfen Birtaniya haɗe da na ƙasar Holan, a kan kusan dala biliyan 12.

Mutumin sunansa Jamsetji Tata. An haife shi a 1839 a garin Navsari, yammacin Indiya, cikin wata 'yar ƙaramar al'umma ta Majusawa da kakanninsu suka yi ƙaura daga Farisa. Gidansu gidan limaman addininsu ne, mahaifinsa ne ya karkata ya shiga fatauci a Bombay. Shi kuma a 1868 ya buɗe nasa kasuwancin da rufi 21,000, kuɗin Indiya. Auduga ce ta yi masa arziki. Lokacin da kowa ke cusa masaƙarsa a Bombay, shi sai ya tafi Nagpur, can tsakiyar ƙasa, ya buɗe tasa a 1877, saboda ga gonakin auduga, ga kwal kusa, ga layin dogo. Duk wanda ya san dalilin zaman masaƙa a Funtuwa ya gane lissafin. Ka riƙe wannan hali nasa, don shi ne amsar tambayarka ta biyu.

A 1882 ya karanta rahoton wani Bajamushe masanin ma'adinai a kan tama a yankin Chanda. Abin ya shiga ransa, amma dokokin haƙar ma'adinai na Turawan mulki sun yi tsauri, sai a 1899 aka sassauta. A 1902, yana dattijo ɗan shekara sittin da 'yan kai, ya hau jirgin ruwa ya tafi Amurka, ya zagaya garuruwan ƙarfe har Pittsburgh. Wani ƙwararren injiniya can, Julian Kennedy, ya ba shi shawarar da nake ganin ita ce jarin kamfanin na farko: kada ya kashe ko sisi a kan injuna sai an bincika ƙasa an tabbatar da abin da za a ciyar da su. Ya haɗa shi da wani masanin ma'adinai, Charles Perin, shi kuma ya turo abokin aikinsa Weld.

Me ake nema? Abu huɗu. Tama mai kyau. Kwal, kuma ba kowane kwal ba, sai wanda in an gasa shi yake dunƙulewa ya yi tauri, ya iya ɗaukar nauyin kayan da aka jibga masa a cikin tanderu ba tare da ya murƙushe ya toshe iska ba. Sai dutsen farar ƙasa, wanda ke janye dattin tama. Sai ruwa mai yawa na sanyaya injuna. A wancan zamani kafin ka fitar da tan ɗaya na ƙarfe sai ka zuba fiye da tan uku na waɗannan kaya. Kenan kamfanin ƙarfe rabinsa kamfanin dakon kaya ne. In ka kuskure wuri, kuɗin sufuri kaɗai ya ishe ka mutuwa.

Weld da Dorabji, babban ɗan Jamsetji, suka shiga daji a 1903, a kan amalanken shanu, cikin zafin da bai gaza namu na watan Afrilu ba, ga damisa. Chanda da aka daɗe ana buri suka duba suka bar ta, kwal ɗin wurin bai dace ba. Suka sami tama mai kyan gaske a yankin Durg, ƙarfen cikinta ya haura kashi 60 cikin 100, amma ta yi nisa da kwal. Nan ma suka haƙura, bayan duk kuɗin da aka kashe. Sai a farkon 1904 wani masanin ma'adinai ɗan ƙasa, P. N. Bose, ya rubuto musu cewa akwai tsaunin tama a Gorumahisani, cikin masarautar Mayurbhanj. A watan Mayu na wannan shekara Jamsetji ya mutu a Jamus yana da shekara 65. Bai ga ko tubali ɗaya na kamfanin ba, bai ma san ƙauyen da za a gina shi ba.

Ƙauyen shi ne Sakchi, inda kogin Subarnarekha ya haɗu da Kharkai. Tama ba ta kai kilomita 100 daga nan ba. Kwal na Jharia bai kai 200 ba. Tashar jirgin ƙasa ta Kalimati na gefe, layin ya miƙe har tashar jiragen ruwa ta Kalkata.

Saura kuɗi. Dorabji ya je Landan, masu kuɗin can suka yi ta ja masa rai, ya dawo hannu rabbana. An ma ruwaito cewa wani babban Baturen hukumar jirgin ƙasa, Frederick Upcott, ya yi ba'a cewa duk ƙarfen dogon da Indiyawa suka iya yi a kan ƙa'idar Birtaniya shi zai cinye shi. Sai aka yi dace lokacin Indiya na tafasa da kishin sayen kayan gida, bayan Turawa sun raba Bengal a 1905. A watan Agusta 1907 suka sa hannun jari a kasuwa a Bombay. Cikin mako uku mutum kusan 8,000 suka haɗa fam 1,630,000, duka 'yan ƙasa, daga sarakuna har masu ƙaramin ƙarfi. Sarkin Gwalior shi kaɗai ya ba da rancen fam 400,000 na tafiyar da aiki.

Tanderu ya fara zubo narkakken ƙarfe a Disamba 1911, gamammen ƙarfe kuma a Fabrairu 1912. Shekara talatin kenan daga ranar da ya karanta wancan rahoto. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsinke jigila daga Ingila, sai ga Turawan suna layi a ƙofar Tata. Ƙarfen dogo mai tsawon mil 1,500 ya ba su, aka shimfiɗa a Iraƙi da Masar da gabashin Afirka. A 1919 gwamnan Indiya da kansa ya zo ya sauya wa Sakchi suna zuwa Jamshedpur, tasha kuma ta koma Tatanagar.

Hannuna ya gaji, ɗana, da yatsa ɗaya nake dannawa. Batun Katsina sai bayan la'asar.

Malamar Tarihi

Baba Injiniya, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Amma ka yafe mini, labarin nan ya yi santsi da yawa, kamar yadda kamfanin kansa ke son a ba da shi. Kada yaron nan ya tafi da tunanin wani dattijo ne mai hangen nesa ya tashi shi kaɗai ya yi abin.

Kuɗin gidan Tata na farko ba auduga kaɗai ba ce. Suna cikin 'yan kasuwar Bombay da suka yi fataucin ofiyom, wani abin maye, zuwa ƙasar Sin. Mahaifin Jamsetji kuma, bayan kasuwar auduga ta karye da ƙarewar yaƙin basasar Amurka a 1865, kwangilar ciyar da rundunar Birtaniya da ta kai hari Habasha a 1868 ce ta tsamo shi. Wato da cinikin yaƙin da aka yi a kan 'yan Afirka aka farfaɗo.

Gwamnatin mulkin mallakar ma da ake cewa ta raina su, ta yi musu alkawarin sayen tan 20,000 na ƙarfen dogo duk shekara har shekara goma, an ja musu reshen layin dogo zuwa wurin tama, an rage musu kuɗin dako. Bayan yaƙi kuma sun faɗaɗa kamfanin da bashi, ƙarfen Turai mai araha ya cika kasuwa, a 1924 har albashi ya nemi gagara. Na san za ka ce Dorabji ya jinginar da dukiyarsa kaf, har da lu'ulu'un matarsa, ya karɓo rance. Gaskiya ne. Amma a wannan shekarar ce aka yi dokar da ta ɗora haraji a kan ƙarfen waje don kare su. Ba don ita ba da lu'ulu'un ya tafi a banza.

Su ma leburorin a tuna da su. Ana yawan faɗin cewa Tata ya kawo aikin awa takwas tun 1912, kuma abin yabo ne. Ba a cika faɗin cewa a yajin aikin 1920 an buɗe wa ma'aikata wuta an kashe mutum biyar ba, ko cewa an sake yajin aiki a 1922 da 1928. Manyan kujeru kuwa Amurkawa da Turawa ne a kai, sai a 1938 ɗan Indiya ya fara zama babban manaja.

Ni abin da nake koya wa ɗalibaina shi ne, babu ƙasar da ta yi ƙarfe ba da hannun gwamnati ba. Koriya ta Kudu ba ta da tama ko kwal na kirki, gwamnati ce ta kafa kamfanin ƙarfe na POSCO a 1968 ta damƙa wa Park Tae-joon, tsohon soja, a 1973 ya fara fitar da ƙarfe. Yau suna cikin manyan duniya.

Tsohon Injiniya, Rafindaɗi

Malama, ban musa ko ɗaya ba, kin ma rage mini aiki. Sai dai ki duba irin hannun da gwamnati ta sa wa Tata: ta zama mai saye, ta zama katanga. Asarar kuwa in ta zo, a wuyan Dorabji da mutum 8,000 take. Wanda zai kwana da tunanin lu'ulu'un matarsa na hannun banki ba zai yarda a ajiye masa tanderu inda babu kwal don a faranta wa wani yanki rai ba. Koriya kuma a bakin teku suka dasa nasu, a Pohang, jirgin ruwa ya sauke tama da kwal a ƙofar tanderu. Lissafin dakon dai shi ne, ta wata hanya suka warware shi.

To ɗana mai rodi, ga namu. Da farko ka san cewa abin da aka gina mana a Katsina ba irin na Jamshedpur ba ne, tun a takarda. Namu ba a yi shi don ya narka tama ba. Aikinsa a kawo masa dogayen sandunan ƙarfe da aka riga aka narka aka zuba a wani wuri, ya gasa su su yi ja, ya bi da su ta tsakanin na'urori suna matsewa suna miƙewa har su fito rodi da waya. Injin murza taliya ne. Komai kyansa, in ba a kwaɓa fulawa an kawo ba, sai dai ka zauna kana kallonsa.

Irinsa uku aka yi a farkon shekarun 1980: Katsina, Jos da Oshogbo, kowanne an tsara masa tan 210,000 a shekara. Namu Japanawa ne suka gina, kamfanin Kobe Steel, kuma aiki ne mai kyau, duk wanda ya san injin zai gaya maka. Sandunan kuwa daga kamfanin Delta da ke Aladja kusa da Warri za su zo, wanda aka buɗe a 1982. Ka auna: kimanin kilomita 1,000, kuma babu layin dogo da ya shigo birnin Katsina. Jirgi yana Funtuwa, yana Kano, yana Ƙauran Namoda, mu ya tsallake mu. Kenan kowane tan sai a bayan tirela. Ina saurayi lokacin, nakan tsaya bakin titi in ga tirelolin nan suna shigowa da ƙyar, tayoyi sun baje, in ji daɗi a raina in ce mun zama Jamus. Ban fara lissafa man da suka sha a hanya ba sai da na yi karatu.

Shi kansa Aladja tamar da yake ci daga waje ake sayo ta da dala, har daga Brazil da Laberiya. Da kuɗin man fetur ya faɗi, naira ta karye a 1986, sai abin ya fi ƙarfinsa, bai taɓa kusantar tan miliyan ɗaya da aka tsara masa ba. Da ya yi tari, sai mu uku mu kwanta.

Wanda aka yi don ya zama Jamshedpur ɗinmu shi ne Ajaokuta. Wurin ba laifi: ga kogin Neja, ga tamar Itakpe kusa, ga farar ƙasa. An ba Rashawa kwangila a 1979, Shagari ya aza harsashi a 1980. Amma tamar Itakpe ƙarfen cikinta kusan kashi 36 ne cikin 100, sai an wanke an tace ta kafin ta shiga tanderu. Kwal ɗin Inugu kuma ba ya dunƙulewa, sai an shigo da na waje. Layin dogon Itakpe zuwa Warri da aka fara tun shekarun 1980, sai a 2020 aka buɗe shi. A 1994 aka ce aiki ya kai kashi 98, kuma har yau babban tanderun bai taɓa cin wuta ba. A 2004 aka damƙa Ajaokuta ga wani kamfanin Indiya, Global, na Pramod Mittal. Marigayi Umaru Musa ya soke yarjejeniyar a 2008, aka shiga shari'a, a 2022 Nijeriya ta amince ta biya su dala miliyan 496. Namu na nan kuwa an sayar wa kamfanin Dana a 2006.

Tata ya yi shekaru yana neman wuri da kaya, bai sayi injin ba. Mu injin muka fara saye, muka raba wa shiyyoyi, sannan muka koma tambayar me zai ci. Wani abu kuma da ba a lura da shi: a 1921 suka buɗe makarantar horar da injiniyoyin ƙarfe a Jamshedpur, yaran na fita aji suna shiga bakin tanderu. Mu ma an tura ɗaruruwa horo Rasha da Indiya da Jamus, na san wasunsu, haziƙai ne. Da yawa sun yi ritaya ba su taɓa ganin tama ta narke a ƙasarsu ba.

Ɗan Gwangwan, Daura

Ranka ya daɗe Injiniya, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ƙarfe shi ne abincina. Ku kuna maganar tamar Itakpe, mu ne Itakpen yanzu. Tsohuwar garma, mataccen injin ban ruwa, gadon ƙarfe, bodin mota, duk yarana ke bin ƙauyuka suna tarawa, daga Mai'aduwa har Zango, wani ma daga Nijar yake shigowa. Mu auna a sikeli, mu cika tirela, ta tafi kudu wajen Ikorodu da Ogun. Masu narkawar yawanci Indiyawa ne da 'yan Sin. Su narka da wutar lantarki, su mulmula, a sake loda wa tirela ta dawo da shi arewa, mai rodi ya saya. Kuɗin mota sau biyu, duk a kan mai gini yake ƙarewa.

Hajiya Malama ta ce sai da gwamnati. To ni dai abin da na gani, su waɗannan ba su jira Ajaokuta ba. Mu da muke da attajirai fa? Na ji da kunnena a rediyo a 2024 Dangote ya ce ya fasa shiga harkar ƙarfe don kada a sake ce masa mai babakere, ya ce wasu su shiga. Har yau ban ji wanda ya ɗaga hannu ba.

Mai Rodi, Ƙofar Ƙaura

Na gode Baba, na gode Malama. Na karanta wa yayana, ya ce shi dai ai bai ga rasit ba. Baba, layin dogon da ake yi daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya, zai gyara wannan lissafin? Kuma gaskiya ne rodin gwangwan bai kai na da ƙarfi ba? Magina kullum sai sun yi mana wannan ƙorafin.

Tsohon Injiniya, Rafindaɗi

Zai rage kuɗin dako in an gama shi kuma an haɗa shi da na Kaduna har kudu, don ƙarfe kayan jirgi ne. Amma jirgi ba ya kawo wuta. Narka tan ɗaya na gwangwan yana cin lantarki wajen yunit 500 zuwa sama, ka kwatanta da abin da mitar gidanku ke sha a wata. Alhaji na Daura yana da kayan, kasuwa kuma ga ta har Nijar. Wanda zai narka a nan sai ya fara da tashar wutarsa.

Gwangwan kuma ba shi ne laifi ba. Yawancin ƙarfen Amurka a yau da shi ake yi. Matsalar ita ce narkawa ba tare da tantance abin da aka zuba ba, da kuma rage kauri. Tagulla in ta yi yawa a ciki, ko sinadarin da ke sa tauri ya wuce kima, rodi sai ya tsage wurin lanƙwasa. Ka sa magini ya lanƙwasa guntu ɗaya a gabanka, ka duba bayan gwiwar. Sannan ka ɗora a sikeli: mai 12 cikakke, wato mai kaurin milimita 12, tsawon mita 12, kilo 10.7 yake yi, wato 93 zuwa 94 a tan. Mai 16 kuwa kusan kilo 19. In aka ƙirga maka 110 a tan aka ce mai 12 ne, kada ka bari a zuba rufin bene da shi.